Yaya da Ganguna Masu Jan Ciki

Na Allah muke, kuma a ƙofarsa kowane matafiyi zai sauke kayansa. Ranar Talatar da ta wuce aka kira wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun ina yaro har na yi furfura ban taɓa ambaton sunansa ba, sai dai in ce Yaya. An sallace shi bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa a wata maƙabarta ta bayan Riyad, inda ba a rubuta sunan kowa, sai dutse wajen kai da dutse wajen ƙafa. Da muka juyo na waiwaya domin in riƙe wurin a zuciyata, amma kafin mu kai bakin ƙofa na riga na kasa rabe nasa da na maƙwabcinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Inda ƙasa ba ta riƙe suna, wajibi ne mai rai ya riƙe.

A gidansa na unguwar Jaradiya, a cikin Riyad, muka yi zaman makoki. Tsohon gida ne, ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu, saboda haka muka shimfiɗa darduma har cikin lungu. Direbobin Ulaya, unguwar manyan ofisoshi, sun zo da rigunan aiki a jikinsu, magina sun zo da siminti a ƙafa, mutanen Maraɗi da na Damagaram da na Kano, kowa ya zauna inda ya samu. Wani dattijo da suka yi aiki tare a bakin teku ya yi tafiyar awa huɗu a mota. Da ya zauna sai ya ce, "Shi ya koya mini rufe hanci kafin in taɓa fenti. Da mari ya koya mini, ga shi har yau ina numfashi." Wani direban babbar mota kuma, mai yawan barkwanci, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, amma fa ya raba mu da ganguna masu kyau!" Aka yi dariya a wurin makoki, har wasu suka share ido ba su san ko na dariyar ne ko na kuka ba.

Bayan Magariba sai ga wani Balarabe mai kimanin shekara arba'in, farar riga tas, ya bar motarsa can nesa domin lungun ba ya ɗaukarta. Ya cire takalmi, ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana ba su hannu, ya yi mana ta'aziyya da harshensu, sannan ya zauna a gefen darduma cikin leburori. Mutane suka riƙa taɓa juna suna tambayar ko wane ne. Ni na san shi, kuma zan zo kansa. Da zai tashi ya sunkuyo ya tambaye ni, "Gudumar tana nan?" Na ce tana nan.

Tana nan kuwa, gama kafin zuwansa matar Yaya ta miƙo mini ƙunshi daga cikin gida: guduma mai gajeren ƙota da wani ƙarfe mai tsini, tsawonsa taƙi guda, a naɗe cikin tsohon rawani. Ta tsaya bayan labule ta ce, "Ya ce a ba ka. Ya ce ka san saura ɗaya." Matar da shekara arba'in ba ta taɓa yi mini magana babu tsokana a ciki ba, ranar nan ba ta ƙara ko kalma ba. Na kuwa san saura ɗayan. Ganga ce, tana can gida a ƙasar Maraɗi, a tsakar gidan ƙanwarmu, jikokinta suna shan ruwa daga cikinta. Domin a gane yadda ganga ɗaya ta zama wasiyyar mutum, sai na koma baya.

Yaya bai ga teku ba sai da ya haura shekara talatin. Ɗan tudu ne, ɗan ƙasar gero da rijiya mai nisa. Amma Allah ya rubuta abincinsa a gabar gabas ta wannan ƙasa, a wata sharika, wato kamfani, mai gyaran manyan jiragen ruwa da ƙera ƙafafun ƙarfen da ake kafawa a tsakiyar teku domin haƙar mai. Sau ɗaya na kai masa ziyara can. Na ga an shigar da jirgi cikin wani rami mai girman unguwa, an zuƙe ruwan, jirgin ya tsaya tsirara bisa katakai, mutane a ƙarƙashinsa kamar tururuwa a gindin kuka. Aikin Yaya shi ne kankare tsohon fenti da yashi mai fita da ƙarfin iska, sannan a shafa sabo. Shekara ashirin da 'yan kai yana wannan.

Ranar ya nuna mini ɓangaren jirgin da ke nutsewa a ruwa, an shafe shi da jan fenti. Ya ce, "Ka ga jan nan? Ba ado ba ne. Teku cike yake da ƙananan halittu masu ɓawo, da ciyayi masu son manne wa ƙarfe. In suka taru jirgi ya yi nauyi, ya sha mai. Fentin nan da guba aka haɗa shi, yana sakinta cikin ruwa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, don kada wani abu mai rai ya zauna a jikinsa." Na ji, na gyaɗa kai, na manta. Shi ma, kamar yadda za a gani, akwai lokacin da ya manta.

Abokan aikinsa har yau suna ba da labarin ranar da wani shugaban aiki mai gaggawa ya ce a sa ruwa a kore ɓarɓashin jan fenti zuwa magudanar da ke faɗawa teku, wai jirgi na gaba yana jira. Yaya ya ce, "Ya mudir, teku ba juji ba ne." Ya ɗauki tsintsiya da shebur ya fara durawa cikin buhu shi kaɗai, har sauran suka ji kunya suka taya shi. An yi masa faɗa, amma bai ajiye tsintsiyar ba. Yakan ce, "Abin da ka zuba wa teku da safe, a faranti za ka same shi da rana, kifi ne zai kawo maka."

Mutum ne mai sansana komai. Sabon kofi, sabuwar tabarma, har turaren da na saya masa, sai ya kai hanci kafin ya amince. Matarsa takan ce mini, "Ko tuwona sai ya sansana, sai ka ce na taɓa yi masa ƙulli." Ba ya cin abinci sai ya wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala. Ba zan ce mai taushi ba ne, gama ƙarya ba ta amfanin mamaci. Harshensa irin yashin aikinsa ne: yana cire tsatsa, amma yakan tafi da fata.

Da ƙirjinsa ya fara gajiya, tari ya kama shi, sharika ta yi masa adalci, ta dawo da shi Riyad ta ba shi tsaron ɗakin ajiya a unguwar masana'antu, inda ake tara kayan da suka dawo daga bakin teku. A waɗannan shekarun ne manyan kamfanoni suka shiga yayin abin da Larabawa ke kira istidama, wato a yi aiki ta yadda ba za a cinye rabon jikoki ba. Sharikar Yaya ta buɗe ofishin wannan al'amari a wani dogon bene a Ulaya, tana fitar da littafi kowace shekara, mai hotunan itatuwan bakin teku da kunkuru, ana bayyana yawan sharar da aka hana zuwa juji. Ba na raina wannan, akwai alheri na gaske a cikinsa. Sai dai wani mai dabara a can sama ya ga cewa gangunan fenti da suka ƙare, maimakon a kai su wajen masu lalata shara mai guba, gara a wanke su a raba wa ma'aikata kyauta. Ma'aikaci ya ji daɗi, littafi kuma ya ce an sake amfani da su. Takarda ta sauko daga bene, Yaya ne mai wankewa, shi ne mai rabawa.

Ni kuwa sana'ata aika kaya gida ce, kuma duk wanda ya zauna a Jaradiya ya san ƙofata. A wannan sana'a ganga mai murfi da zobe ita ce sarauniyar mazubi. A cika ta da dabino da atamfa da darduma, a ɗaure, ta bi jirgin ruwa, ta bi mota, ta isa ƙauye babu abin da ya taɓa kayan. In an kwashe, ganga ta zama randa. Mutanenmu da ke aiki a sharikar sukan karɓi rabonsu su kawo mini, Yaya ma yakan ba ni nasa. An wanke su, amma jan nan yana manne a cikinsu kamar lalle a farce. Shekara biyu muna haka, kuma ina alfahari da cewa a ƙofata kaɗai ake samun masu jan ciki.

Wata Juma'a, mun sauko daga masallaci muna cin shinkafa a gidan Yaya, sai ƙanwarmu ta kira daga gida. Auta muke ce mata, ko da yake ita ma ta yi jikoki. Na buɗe muryar waya domin kowa ya ji. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri. Tanon nan mai jan ciki babu irinsa." Tano muke ce wa ganga a gida. Ta ce, "Na maƙwabta kwana huɗu ya yi gansakuka, tsutsa tana iyo a ciki. Nawa ko wata guda ruwa ya yi, garau yake kamar hawaye. Matan unguwa duk sun ce in gaya muku, in za a aiko, mai jan ciki suke so."

Na yi dariya na ce, "Kin ji aikin yayyenki." Na dubi Yaya, sai na ga lomar da ya ɗauko tana hannunsa, ba ta kai baki ba.

Ya ce, "Auta, maimaita."

Ta maimaita, har da ƙarin yabo.

Ya mayar da lomar cikin faranti. Ya ce, "Ruwan da tsutsa ta ƙi zama a cikinsa, shi kike ba jikokina?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ya tashi ya wanke hannu, bai ƙara cin komai ba ranar.

Kashegari ya nemi guduma da ƙarfe mai tsini. Duk gangar da ta sauko daga mota mai jan ciki, sai ya kife ta, ya huda gindinta sau uku. Ya ce huda ɗaya ana liƙewa da kwalta, biyu ana kai wa mai walda, amma uku mutum yakan haƙura. Ma'aikata suka yi ca. Shugaban ɗakin ajiya ya kira shi ya ce yana ɓata kayan sharika, yana kuma ɓata lissafin mutanen bene, ya tuna masa cewa saura wata biyu a sabunta iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, kuma mai shekarunsa da irin tarinsa ba kowa ke riƙe shi ba. Yaya ya ce ya ji, ya koma ya ci gaba da huda.

Ni ne na fi kowa zafi. Na same shi a gida na ce, "Yaya, an wanke su fa, da sabulu da ruwan zafi."

Ya ce, "Wa ya wanke? Ni na wanke. Fentin da aka yi domin ya yi shekaru cikin teku bai fita ba, shi sabulu zai fitar?"

Na ce, "Mutane sun saba. Kana so a ce ƙofata ta aika wa jama'a guba?"

Ya ce, "Ba so nake a ce ba. Ta aika."

A nan na faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta a bakina. Na ce, "Shekara biyu kana rabawa da hannunka, yau ka wayi gari waliyyi?"

Na zaci zai tashi da ni. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Kai ba ka sani ba, Auta ba ta sani ba, mutanen bene ba su taɓa ganin randa ba. Ni ne na sani, na ga takarda da hatimi na bar sanina ya yi barci. Ni na raba, shi ya sa ni zan huda."

Na fita ban yi sallama ba. Juma'a uku ban taka gidansa ba. A ta huɗu matarsa ta kira ni ta ce, "Kai, ɗan ƙaramin miji, tuwona ne ya yi maka laifi? Zo ka ga abin da wanka ya girke mini a saman rufi, ya hana ni shanya."

Na je. A saman rufin ya ajiye ganguna biyu a buɗe, cike da ruwa tun ranar rigimarmu. Ɗaya tsohuwar gangar man girki ce, ta yi kore shar, 'yan ƙwari suna yawo a kanta. Ɗayar mai jan ciki ce, ana ganin gindinta. Ya ce, "In ƙishi ya kama ka, wanne za ka sha?" Hannuna ya nuna garau ɗin kafin hankalina ya iso. Ya ce, "Haka Auta ta zaɓa. Haka kowa zai zaɓa. Shi ya sa magana ba ta isa ba, sai guduma." Ban ba shi haƙuri da baki ba, irinmu ba mu iya ba. Na dai tambaye shi ƙarfe nawa zan zo in kai shi ofishin sharika na Ulaya.

Ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya ɗebi ruwan gangunan nan a kwalba biyu. Tun safe muke zaune a wajen jira har kusan Azahar, sannan aka shigar da mu wurin mudir na ofishin istidama, wato Balaraben nan da ya zo makoki. A lokacin sabon zuwa ne, karatunsa ya fi shekarunsa yawa. Yaya ya ajiye kwalaben a kan teburin gilashi, kusa da littafin mai hoton kunkuru, ya yi masa tambayar da ya yi mini, da Larabcinsa na bakin teku. Mudir ya nuna garau ɗin. Yaya ya gaya masa daga inda ruwan ya fito, da inda 'yan'uwan gangar suka tafi.

Mudir ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "takarda ta ce don zuba kaya ne, ba don ruwa ba. Kuma an rubuta gargaɗi a jikinsu."

Yaya ya ce, "An rubuta da Turanci da Larabci. Ƙanwata ba ta karanta ko ɗaya. Kuma a garinmu, duk abin da yake iya riƙe ruwa, ruwa zai riƙe."

Mudir ya daɗe yana juya alƙalami. Ya ce, "In na janye wannan tsari, adadin da ke cikin littafin bana zai faɗi. Za a tambaye ni."

Yaya ya ce, "Ni ma za a tambaye ni, amma ba a wannan benen ba."

Da muka miƙe Yaya ya kai hannu zai ɗauki kwalabensa, mudir ya ce a bar masa su.

Bayan wata guda sabuwar takarda ta sauko: duk gangar da ta ɗauki irin wannan fenti a huda ta, a murƙushe ta, a kai wa masu lalata shara mai guba. An sabunta iƙamar Yaya. Littafin shekarar ya fito da adadi ƙasa da na bara, kuma na shaida wa mudir ɗin nan cewa bai ɓoye dalili ba. Amma Yaya ya roƙi abu na biyu, cewa sharika ta sanar da duk wanda ya taɓa karɓar ganga, ta bi sawun waɗanda suka tafi. Wannan kam masu ba ta shawarar shari'a suka hana. A maimakonsa aka ba shi takardar yabo cikin gilashi, da hoton itace a kai. Har yau a kanta matarsa ke jera kofunan shayi.

Sai ya ɗauki bin sawun a kansa. Ma'aikatan wasu ƙasashe ya bi su ɗaya-ɗaya yana yi musu bayani da hannu da ƙafa, su kira gidajensu. Waɗanda suka riga suka tafi ba a san inda suke ba, ya bar wa Allah yana neman gafara. Namu kuwa, na buɗe masa littafin da nake rubuta sunayen masu karɓar kaya da garuruwansu. Da hutunsa ya zo muka tafi gida tare, muka ɗauki mota cike da sababbin gangunan roba, muna bin ƙauyuka. A kowane gida sai ya durƙusa ya gaida masu gida, ya ce, "Na aiko muku da abin da bai kamata ba. Laifina ne, ba na ɗanku ba. Ga madadi." Bai taɓa barin kunyar ta sauka a kan wanda ya aiko ba. Wata tsohuwa ta kore shi da muciya har ƙofar gida, tana cewa ɓarawon tano ne. Ya zauna a gindin bangonta cikin rana yana tari, har ta ji tausayinsa ta kawo masa ruwa. Ya dubi ruwan ya ce, "Iya, daga wane mazubi?" Ta tsaya, ta dubi ƙwaryar, ta koma ciki ta mirgino gangar da kanta.

Duk wadda ta bi ta ƙofata mun same ta, sai ta Auta. Da muka isa gidanta ta ce ta sayar wa wani mai wucewa. Yaya ya zaga gidan, har bayan rumbu, bai ga komai ba. Ya ajiye mata ta roba guda biyu. Ba mu yi wata da dawowa Riyad ba wani ɗan'uwa ya gaya mana cewa a gidan maƙwabta ta ɓoye ta, kuma ta koma mazauninta a gindin darbejiya, cike da ruwa.

Daga nan duk ranar da ya kira ta, kafin ya tambayi lafiya sai ya ce, "An huda?" Ita kuma ta ce, "Shekara nawa muna sha, wa ya mutu?" Har ta daina ɗaga wayarsa. Shekara huɗu suna haka. Na ce masa, "Yaya, zumunci fa." Ya ce, "Zumuncin nake yi." A ganina a nan ya yi kuskure, kuma zan faɗa ko da yana kwance. Mutumin da ya durƙusa wa baƙi a ƙauyuka bai taɓa durƙusa wa ƙanwarsa ba. Bai taɓa tambayarta dalilin da ya sa ta riƙe ta ba. Ni ma ban tambaya ba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata hantsi ina zaune kusa da gadonsa a asibiti, ya janye abin numfashi daga fuskarsa ya ce, "Ban ce gangar ta kashe kowa ba. Ban sani ba. Rashin sanin shi ne nauyin." Ya huta kaɗan ya ce, "Ƙananan yaran nan jikinsu bai kai na jirgi ba." Ita ce maganar ƙarshe mai tsawo da na ji daga bakinsa.

Ranar kwana uku da rasuwarsa, bayan La'asar, mutane sun ragu, ƙunshin gudumar yana kan cinyata ina tunanin yadda zan tunkari Auta, sai wayata ta yi ƙara. Ita ce. Tun ranar rasuwa kuka ya hana mu magana mai ma'ana. Ta buɗe bidiyo, na ga tsakar gidanta, na ga darbejiyar, na ga ƙasa jiƙe sharkaf. Gangar tana kife. A gefenta akwai rubutu da farin fenti, ya fara dusashewa: sunanta da sunan garinmu, da baƙaƙen ajami masu karkata.

Ta ce, "Yaya ƙarami, ka gane hannun wa ne wannan?"

Na gane. A cikin wannan gangar ya aika kayan auren 'yarta ta ƙarshe.

Ta ce, "Tun da ya bar gida bai taɓa rubuto mini takarda ba, ko sau ɗaya. Wannan kaɗai nake da shi. Na ga yadda kuke yi da na mutane, ku huda ku ɗora a mota ku tafi da su. Da ya ce mini in huda in riƙe, da tuni na huda."

Ta jingina wayar da turmi. Ta ɗauko doguwar ƙusa da ɗan dutsen niƙa, ta ce, "Sau nawa yake yi?"

Na ce, "Uku."

Ƙarar farko ta sa maza biyun da suka rage a lungu suka yi shiru. Ta biyu ta fito da matar Yaya daga bayan labule. Ta uku sai da Auta ta buga sau da yawa kafin ƙusar ta shige. Ta zauna a ƙasa kusa da gangar, ta ɗora tafinta a kan rubutun, ta ce, "Ka gaya masa."

Da safe na koma maƙabarta. Na bi layi-layi ina neman wurin da na yi ƙoƙarin riƙewa, ban same shi ba, duwatsun duk iri ɗaya ne. Na tsaya a layin da na fi zato, na yi sallama ga mazauna wurin baki ɗaya, na roƙa musu gafara da rahama, na roƙi Allah ya yafe wa wana shekara biyun da ya manta, ya karɓi sauran da ya tuna, ya shayar da shi daga ruwan da babu abin tsoro a cikinsa. Sannan na ɗaga murya kaɗan, yadda duk inda yake a layin zai isa, na ce, "Yaya, an huda."